Kishiyar Roba

A garinmu Birnin Gwari, idan ka ji an ce daji ya ci wance, sai ka sake tambaya: wane dajin? Akwai wanda ya kewaye mu, wato na Kamuku da ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara, wanda gwamnatin tarayya ta mayar gandun namun dawa na ƙasa a 1999, daga baya kuma ya koma maɓoyar masu bindiga. Akwai kuma wanda kan tsiro a jikin ɗan Adam yana ci a ɓoye, wanda likitoci ke kira sankara. Bahaushe dai suna ɗaya ya raɗa musu. Mu a gidanmu, cikin shekarar 2021, duka biyun suka taso mana a lokaci guda.

'Yan'uwa marubuta, na lura cewa a littattafanmu ciwo ba ya wuce iri biyu ko uku. Ko yarinya ta yanke jiki ta faɗi don an hana ta wanda take so, ko Alhaji ya kamu da hawan jini. A garzaya asibiti, likita ya fito yana share gumi ya ce a yi haƙuri ko a gode wa Allah, shi ke nan sai babi na gaba. Ban taɓa cin karo da wanda ya bi majinyaci ya koma gida ba, alhali kuwa a gida ake yin jinyar. Sankarar nono ita ce ta fi kowace sankara kama matan Nijeriya, kuma a 2020 kaɗai mata wajen miliyan 2.3 aka gano suna da ita a duniya. Da yawa daga waɗanda aka yi wa aiki a cikinsu sun ɗauki abin da zan ba ku labarinsa.

An yi wa Yayata aiki a wani babban asibiti a Kaduna cikin makon ƙarshe na Satumba. Aka cire nonon hagu gaba ɗaya, aka haɗa da 'ya'yan kaluluwar da ke hammata. Duk inda aka kwashe nama haka, jiki kan riƙa tsatso ruwa ya cika gurbin, kuma in an bar ruwan ya taru fata ba za ta manne ba, ɗinki na iya buɗewa. Don haka likita kan bar siririn tiyo a ƙarƙashin fata, ya fito da shi ta wata 'yar ƙofa a gefen haƙarƙari, ya ɗaure shi da zare ɗaya. A ƙarshen tiyon akwai 'yar gorar roba, girmanta kamar lemon zaƙi. Za a matse ta sannan a toshe bakinta, ita kuma garin ƙoƙarin komawa yadda take sai ta riƙa zuƙo ruwan. Ma'aikatan jinya direin suke ce mata. Yaya kuwa tun dare na biyu ta sa mata suna kishiya, wai don tana kwana a gadonta, ta hana ta juyi, kuma ba a nemi shawararta ba aka kawo ta.

Kwana biyar aka sallame mu. Kuɗin gado yana ci, yara suna gida, kuma likita ya ce babu abin da ya rage sai kula da tiyon. Ya ba ni lambar wayarsa, ya ce kowace yamma in faɗa masa yawan ruwan da ya fita. Muka kamo hanyar nan mai kimanin kilomita 120, ta Buruku da Udawa, cikin ayarin motoci da rakiyar sojoji. Yaya na rungume da matashin kai a ƙirji saboda ramuka, ni kuma ido ɗaya a kan gorar, ɗaya a bakin daji.

Kwananmu biyu a gida gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu, ta kuma hana hawa babur na wata uku, duk a cikin yaƙi da 'yan bindiga. Dama an riga an dakatar da kasuwannin mako. Ba na musun dalilin, kowa ya san abin da wayar ke yi a hannun masu kai rahoto daji. Amma lambar likitan nan ta koma rubutu kawai a bayan katin asibiti.

Aikin yau da kullum ba shi da wuya, yawan maimaici ne. Safe da rana da dare in wanke hannu da sabulu, in buɗe gorar, in juye a ɗan kofi mai lamba, in goge bakinta da auduga da sifirit, in matse ta sai ta lotse, in toshe. Na yanka littafin rubutun 'yan makaranta gida uku: lokaci, yawa, launi. Ranar farko a gida mililita 140 ne, ja kamar zoɓo. Bayan 'yan kwanaki ya koma kamar ruwan wankin nama, daga nan ya zama rawaya-rawaya. Haka aka ce mana zai yi. Sharaɗin cire tiyon shi ne ruwan ya sauka ƙasa da mililita 30 a yini da kwana, har kwana biyu a jere.

Ƙananan wahalhalun su ne ba wanda ya faɗa mana. Ƙarshen damina ne, ga zufa, filasta ba ta kwana. In gorar ta yi nauyi sai ta ja zaren nan guda, Yaya ta cije leɓe. Fil muka fara sa wa a gefen zane, amma zane yana kwancewa. Sai na zauna na ɗinka aljihu a cikin rigunanta uku, ƙasa da wurin aikin, domin ruwa ba ya hawa tudu. Ga 'yan dubiya, waɗanda ba a iya hana su shigowa. Ta kan zura hijabi ta zauna kamar ba komai, ana lafiya lau, alhamdu lillahi, ni kaɗai na san abin da ke ƙarƙashi. Sai maganar salla, wadda ta fi damunta fiye da ciwon. Ta ga tana ɗauke da jini a jikinta, ta ce yaya za ta fuskanci alƙibla haka. Sai da maigidanta ya tambayo malamin unguwa, ya dawo da amsar cewa mai lalura yana salla yadda ya samu iko, a zaune ma in ta kama, sannan hankalinta ya kwanta.

Dare na shida a gida na zo juyewa na tarar da gorar kusan wayam, alhali da rana ta ba da 40. Da farko zuciyata ta yi fari. Da na haska tocila sai na ga bandejin ya jiƙe sharkaf, ruwa na bin gefen tiyon yana sauka a haƙarƙarinta, hammatar kuma ta ɗan tasa. A tsakiyar tiyon ga wani baƙin gudan jini kamar tana. Ruwa ba ya ɗaukewa dare ɗaya. Idan ka ga haka, toshewa ce. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini maganin wannan sau ɗaya a tsaye, ranar sallama. Ka riƙe tiyon gam kusa da fata da hannu ɗaya don kada ya fizgu, ka matse shi da yatsu biyu na ɗaya hannun da audugar sifirit don ya yi santsi, ka ja zuwa wajen gorar, ka saki. Na yi sau ɗaya, sau biyu, shiru. Hannuna na rawa. Yaya ta dube ni ta ce, "Auta, kin ga ikon Allah? An cire nonon, an bar ki da tatsa." Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. A ja na biyar gudan ya zarce cikin gorar, ruwa ya biyo bayansa, kafin asuba mun juye 70.

Washegari Gwaggo ta zo ta ga kumburin da bai gama saɓewa ba. Ta ce a dafa ruwa a yi gashi, in bai faɗa ba a kira wanzami ya sa ƙaho. Ba ta faɗi haka don mugunta ba, da gashin nan ta raini dukanmu. Amma fatar wurin aikin a mace take, an yanke ƙananan jijiyoyin da ke kai mata ji, ruwan zafi zai iya sale ta Yaya ba ta sani ba. Tsaga kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ce a hannun da aka riga aka kwashe masu gadinsa. Na ce, "Gwaggo, likita ne ya hana, ya ce ko allura kada a yi a wannan hannun in akwai wani." Ta ce likitan ya san ta ne? Ta yi fushi na kwana biyu, ranar na uku ta aiko da kunun gyaɗa.

Abin da ya fi ba ni tsoro zazzaɓi ne. A wannan lokaci na shekara kowa cizon sauro yake kama shi, kuma a nan haɗarin yake, domin zazzaɓin da ruɓar ciwo ke kawowa kamarsu ɗaya a ido. Da jikinta ya yi zafi ma'auni ya nuna 38, na bi alamomin da aka lissafa mini ɗaya bayan ɗaya: ko gefen tiyon ya yi ja yana yaɗuwa, ko ruwan ya yi kauri ko gurɓata, ko yana wari. Babu ko ɗaya. Duk da haka ban tsaya a kan ganina ba. Muka samu mota zuwa asibitin gari, aka duba ciwon, aka gwada jini, aka ce na sauro ne. A ranar kuma na kwafe shafin littafina na ba wani direba da ke cikin ayarin Kaduna, da lambar likita, na roƙe shi in ya isa inda waya ke shiga ya karanta masa. Amsa ta dawo bayan kwana biyu a bayan takardar tawa, da rubutun direban: a ci gaba, in ya kai 30 a cire a nan gida, kada a biyo hanya don wannan kawai, in tiyon ya zame kada a tura shi ciki, in an ga jini ja wur yana cika gorar da sauri, to wannan ko da dare ne a nemi asibiti.

Kwana 17 bayan aiki aka cire. An yanke zaren, aka ce ta ja numfashi, aka zare. Ko minti ɗaya bai kai ba. Na yi mamakin tsawon abin da ke cikin jikinta, ya fi taƙi guda. Bayan mako ruwa ya sake taruwa a ƙarƙashin fatar yana motsi kamar a salka, wanda aka ce yakan faru ga mata da yawa, sai da aka zuƙe shi da sirinji sau biyu. Tana ta tafiyar yatsu a jikin bango kowace safiya don kafaɗar kada ta sandare, yara na yi mata alama da gawayi inda ta kai.

Sai a ƙarshen Nuwamba gwamnati ta ba da umarnin a maido da waya, a lokacin mun riga mun fara zirga-zirgar ƙarin ruwan da suke kira kemo, duk mako uku, a kan hanyar nan dai. Wannan wani labarin ne. Bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya zo ya ƙulla a Nuwamba 2024, har aka sake buɗe kara, Yaya ta je ganin likita ta dawo a yini ɗaya ba tare da ayari ba. Rigunan nan uku masu aljihu sau biyu ana zuwa aronsu. Na biyun wata mata ce daga Dogon Dawa, wadda nata aikin a dama ne, sai da na farke aljihun na mayar ɗaya gefen.