Kwamfutar raguna biyu da akwatin tsohon mai gyaran rediyo

Ina so in ba ku labarin wani aiki da munka yi a gidana nan Maradi cikin watan Janairu na 2023, ni da ɗan ƙanwata. Aikin kuwa shi ne haɗa kwamfuta, wadda mu nan muke ce ma ordinater, irin ta bisa tebur mai babban akwati.

Na daɗe ina koya ma manya karatu da dare. Darussa da hannu nike rubuta su, in kai cikin gari a buga mani, kullum a dawo mani da su an ɓata ƙ da ɗ. Sai yaron nan ya ce: "Kawu, ka mallaki taka mana. Amma kada ka sayi haɗaɗɗiya. In munka sayi kayan ɗai-ɗai munka haɗa da kanmu, zai fi araha, kuma in wani abu ya lalace shi kaɗai za a canza." Gaskiya ya faɗa. Tun 1995 kamfanin Intel ya fitar da wani ma'auni da ake kira ATX, masana'antu sunka bi shi, shi ya sa allon wani kamfani ke zama daidai cikin akwatin wani.

Kuɗi ne babu. Maiɗakina tana da raguna biyu da take kiwo don Layya. Ta ce: "Malam, aro na ba ka, ba kyauta ba. Kafin Salla ina son abina." Munka sayar. Yaro ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya tafi Kano, ya dawo da kwali biyu. Yawancin kayan na hannu ne, waɗanda anka yi aiki da su ƙasashen waje: uwar allo, da ƙwaƙwalwar da ke zama bisanta, da fankarta, da ƴan sandunan RAM biyu, da ma'ajiyar rubutu, da akwatin wuta, da gidan ƙarfe da duk za su shiga. Kowanne mun rubuta shi ga takarda tun kafin tafiya. Abin da ba mu rubuta ba, ko ɗaya, shi ne abin da za mu yi aikin da shi.

Bayan lisha munka shimfiɗa tabarmar leda munka zauna. Turnabis, wanda mutanen Kano ke ce ma sukuddireba, sai da munka aro wajen maƙwabcina tela. Ya ba mu mai faɗin baki na keken ɗinki, alhali kawunan bis ɗin kwamfuta duk masu giciye ne. Munka haɗa da tsinin wuƙa. Kai biyu munka cinye, ba su shiga, ba su fita. Wani bis ya sulale ƙarƙashin allo, munka ɗaga akwatin muna girgiza shi kamar masu tankaɗe. Wajen sha biyun dare munka gama. Sai ga wata matsala: kan wayar wuta na Najeriya ne, mai ƙafa uku masu kusurwa, ramukan bangonmu kuwa zagayayyu ne irin na Faransa. Yaro ya ciro wayar wata butar lantarki, ta shiga daidai. Ya ce: "Kawu, yi bisimilla."

Na yi bisimilla ya jona. Sai munka ji fau! kamar an fasa leda. Hayaƙi ya fito ta bayan akwatin. Daga ɗaki maiɗakina ta ce: "Lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta ce: "To ƙaurin me nike ji? Ko ragunana ne?" Daren nan ban runtsa ba.

Da safe munka ɗauki akwatin munka kai ma wani tsoho mai gyaran rediyo da telebijin, wanda na sani tun ina saurayi. Bai ma buɗe ba. Ya juya bayan, ya sa farce ya nuna mamu wani ɗan jan maɓalli kusa da mashigar waya. An rubuta 115. Ya ce ma yaron: "Ɗana, karanta wanga." Ashe akwatin wutar daga Amurka ya fito, inda wutar gida take wajen bolt 120. Tamu kuwa 220 ce. Da mun tura maɓallin zuwa 230 da babu abin da zai faru. Yawancin sababbin akwatunan wuta ba su da wanga maɓalli, suna karɓar daga 100 har 240 da kansu, amma tsofaffi da masu araha suna da shi. Duk wanda ya sayi na hannu, ya duba nan kafin komi.

Tsoho ya ce akwatin wuta ya mutu, sauran sai an gwada. Sa'annan ya tambaye mu: "Da me kunka haɗa?" Da munka faɗa mashi, ya yi dariya har da tari. Na roƙe shi ya haɗa mamu. Ya ƙi. Ya ce: "Malam, kai ne mai cewa a koya da hannun kai. Zan zo ran Juma'a bayan masallaci in zauna in kalla." Munka ƙara kuɗi munka sayi wani akwatin wuta.

Ran Juma'a ya zo da wani tsohon gwangwanin biskit. Kafin ya buɗe shi sai ya sa anka naɗe tabarmar leda, anka kawo teburin katako tsakar ɗaki inda haske yake. Ya sa yaron ya tuɓe rigar sanyinshi da safa, ya tsaya da ƙafa bisa siminti. Ni na ɗauka camfi ne na masu sana'a. Sai ya ce: "Ba ka taɓa ganin bargo na tartsatsi cikin duhu lokacin ɗari ba?" Na ce na gani, har ƙofar mota ta taɓa tsikarata. Ya ce to wutar nan ce. In iska ya bushe, kamar yadda yake bushewa da hunturu, jikin mutum yana tara ta. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen bolt 3000, amma ƴan ƙananan kayan da ke bisa allo abin da bai kai 100 ba yana iya kashe waɗansu, ba ƙara, ba hayaƙi. Mu kuwa cikin Janairu, da rigar sanyi, bisa leda, mun haɗa duk abin da take so. Ya fito da wani ɗan maɗauri na wuyan hannu mai waya, ya ɗaura ma yaron, ya maƙala bakin wayar ga ƙarfen gidan kwamfutar. Ya ce in babu shi, mutum ya riƙa dafa ƙarfen kafin ya taɓa komi, kuma ya kama allo ta gefe kamar yadda ake kama hoto.

Cikin gwangwanin babu wani abin mamaki. Turnabis mai giciye lamba 2, dogo, bakinshi da mayen ƙarfe, bis na manne mashi ba ya faɗuwa. Shi kaɗai ya yi kusan dukan aikin. Da wani ƙarami, da matsefata, da ɗan awartaki mai dogon baki, da fitilar hannu, da ƴan igiyoyin roba na ɗaure waya don kada ta shiga fanka. Ya aiki ɗiyata ta wanko gwangwanayen tumatur uku, ya ware bis: masu kaurin zare na gida da akwatin wuta, masu siririn zare na ƙaramar ma'ajiya. Da ido kusan ɗaya suke, shi ya sa daren farko munka riƙa tilasta ma wani ramin wani.

Da anka cire allo, sai ga kunyarmu a fili. Akwai ƴan ginshiƙai na tagulla da ake ɗaurawa ga ƙarfen gida, allo ya hau bisansu don kada cikinshi ya taɓa ƙarfe. Kowane ginshiƙi sai ya dace da rami. Mu mun bar ɗaya inda babu rami, yana gugar bayan allo. Tsoho ya ce da jan maɓalli bai riga ba, da wanga ne zai cinye ragunan, kuma shi allon zai ci. Sai na ji har ina gode ma hayaƙin nan.

Haka nan man da ake sawa tsakanin ƙwaƙwalwa da fankarta. Mu ba mu sa ba, mun bar tsohon da ya bushe kamar laka. Shi ke cike ƴan ramukan da ido ba ya gani, zafi ya wuce zuwa ƙarfen fanka. A garin da zafi ke wuce digiri 40 cikin Afrilu, wanga ba abin wasa ba ne. Anka goge da alkol mai 90 na farmasi da ƙyalle mai tsabta, anka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Mazaunin ƙwaƙwalwar kuwa yana da ƴan allurai 1151, kowace ta fi gashin gemu laushi. Tsoho ya duba su da gilashin ƙara gani, layi-layi, ya daɗe bai ce komi ba. Ni kuwa zuciyata na dakan lugude. Daga baya ya ce: "Ba wadda ta kwanta."

Sabon akwatin wuta ma bai yarda an jona shi ga allo ba sai da ya gwada shi da mitarshi ta awon wuta. Ya haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta juya, ya auna: rawaya 12, ja 5, mai ruwan goro 3,3. Ya ja kunnen yaron kada ya kuskura ya buɗe cikin akwatin wuta ko an cire shi daga bango, don yana riƙe wutar da ke iya kayar da mutum. Ya canza ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe agogon allo.

Gab da magariba anka jona. Fanka ta juya, rubutu ya bayyana. Yaro ya sa kile USB ɗinshi mai giga 8 ya zuba manhaja. Tsoho ya tattara kayanshi, ya ƙi karɓar komi sai goro.

Saura abu biyu. Kuɗin da na ware don injin buga takarda, tsoho ya sa na sayi ondiler da su, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta ƴan mintoci in wuta ta ɗauke. Na yi gunaguni, amma da bazara ta zo na daina. Allon rubutu kuma irin na Ingilishi ya kawo daga Kano, mai farawa da QWERTY, ni ko na saba da na Faransanci mai AZERTY. Dukansu biyu babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ. Sai da yaro ya sa mani tsarin da ke fitar da su, na yanka ƴar takarda na manna bisa maɓallan.

Rago ɗaya na mayar kafin Layyar shekaran nan, ƙarshen watan Yuni. Na biyu sai bayan kaka, kuma ta ce bai kai nata ƙiba ba. Yanzu ina da gwangwanina. Na ƙara mashi burushin fenti mai laushi da ɗan mafurin roba, don ƙurar garin nan ba ta barin komi. Kowane ƙarshen wata nikan cire waya, in fitar da akwatin tsakar gida, in riƙe fanka da yatsa in fure ta. Watan jiya ina cikin haka maiɗakina ta miƙo mani takardar sunayen matan adashinsu, ta ce in buga mata kafin Asabar, kuma kada in ɓata ma kowa suna.