Girkin Manya a Ƙarƙashin Rumfar Kwano a Nyohini

Wanda bai taɓa zuwa Tamale ba, babura ne za su fara ɗaure masa kai. A Kano mun saba namiji ke tuƙi, mace tana baya. A babban birnin nan na arewacin Gana kuwa, sai ka ga mace da mayafinta, goyo a baya, buhun doya a gaba, ta murɗa babur ta wuce, ba wanda ya ko waiwaya. Maza suna yawo da wata riga saƙi mai faɗin gindi da suke kira batakari. Gaisuwar Dagombawa ma abin kallo ce: yaro ya durƙusa, babba ya jero tambayoyi, shi kuma yana ta amsawa da "naa, naa" har a gama.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani wurin shaƙatawa ne a unguwar Nyohini, inda mai masaukina ya kai ni bayan isha'i. Da na hango kwalaben giya a teburin wasu, sai na ja na tsaya. Ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka. Musulmi ne ke yi musu yanka, kuma mu abinci ya kawo mu." Wurin ba wani abin a zo a gani ba ne: rumfar kwano, kujerun roba, talabijin ana nuna ƙwallo. Wannan na shan abinsa, wancan da hular salla yana kurɓar zoɓo mai citta, kowa da teburinsa, ba mai kallon wani. Na daɗe ina jinjina wannan zama.

Kafin komai, yarinya ta kawo kwanon ruwa da sabulu har gabanmu. Daga bayan rumfa kuma ana jiyo lugude. Na leƙa, sai ga saurayi a tsaye da taɓarya wadda ta fi shi tsawo, wata mata a zaune tana juya sakwarar da jiƙaƙƙen hannu a cikin turmi. Taɓarya na tashi hannunta na shiga, tana saukowa ya fita, ita kuwa hira ma take yi da wata. Wallahi sai da na runtse ido. Wannan shi ne fufu, kuma wai ba a taunawa, a tsoma a romo mai yaji a haɗiye kawai.

Ni tuwon zafi na nema, wanda su suke taƙaita sunansa da haruffa biyu na Turanci. Ba irin namu mai tauri ba ne da ake yanka da mara. Garin masara ne da na rogo, sulɓi gare shi, da ɗan tsami-tsami da ke tayar da yawu. Miyar ayoyo ce a kai, wato lalo, koriya shar, an sa mata kanwa daidai misali, ƙamshin daddawa na tashi, sannan aka zuba jar miya a gefe guda da naman akuya wanda ya dahu har yana rabuwa da ƙashi. Bayansa aka kawo gasasshiyar zabuwa, abin alfaharin arewacin Gana, fatarta ta yi ƙus-ƙus, cikinta da romo, an barbaɗe ta da yaji da albasa. Kusa da ita akwai wani baƙin yaji mai maiƙo, shito, wanda ake soya barkono da busasshen kifi da jatan lande da citta a wuta kaɗan-kaɗan har ya yi duhu. Maƙwabcinmu kuwa yana fama da banku, curin ƙullun masara mai tsami, da karfasa guda cur irin wadda ake kamowa a ruwan Volta.

Ba mamaki da harshena ya ji kamar ya san wurin. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa kasuwar Salaga, kudu maso gabas da Tamale, neman goro, wasu suka zauna suka kafa zango. Shi ya sa da safe za ka tarar da koko da ƙosai da tubani, da shinkafa da wake wadda suke dafawa da karan dafi ta fito jawur. Namu ne, amma ya shiga wasu hannaye ya dawo da sabuwar kama.

Na nemi ganin mai girkin. Dattijuwa ce, Hausa a bakinta rangaɗaɗau. Na ce, "Inna, mene ne sirrin?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ba na ɗora tukunya sai na je kasuwa da ƙafata, kuma ba na gaggauta wuta."

Na ci abinci a manyan otal-otal masu cokali da wuƙa da farin ƙyalle, ban samu wannan kulawa ba. Mu a gida mun mayar da tuwo abincin rashin zaɓi, muna kai baƙo inda ake soya shinkafar Turawa. Mutanen Nyohini sun ɗauki tuwo da lalo da daddawa da muhimmanci, suna ajiye su gaban baƙo da alfahari, kuma ya kamata masu gidajen abincinmu su yi koyi da su.