Lissafin Da Na Yi A Cikin Layin Mai

Ya ku ɗalibai da iyayen yara masu karatu. Ni dai ba malami ba ne, tuƙin A Daidaita Sahu nake yi a cikin birnin Kano, kuma 'ya'yana uku suna cikinku. An ce kowane uba ya kawo abin da ya gani na rayuwa, to ga nawa.

Kullum da safe, kafin na shiga gari, akwai yara shida na layinmu da nake kai wa makarantar boko, na dawo da su da azahar. Iyayensu kan biya ni a ƙarshen wata. Biyu daga cikinsu marayu ne, 'ya'yan marigayi maƙwabcina, mahaifiyarsu kuma awara take soyawa a ƙofar gida. Haka muke tafiya lafiya lau har ranar 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya ce tallafin mai ya ƙare. Kafin wannan rana farashin hukuma bai kai naira 200 a lita ba. Cikin kwana biyu zuwa uku lita ta haura naira 500.

Wallahi, da farko zagi na yi. Amma layin mai wuri ne mai sa mutum tunani, don sai ka shafe awa uku ba ka matsa taku goma ba. A nan na tambayi kaina, wai shin mene ne ma tallafin nan? Abin da na fahimta shi ne, ƙasarmu tana haƙo ɗanyen mai, amma matatun Kaduna da Warri da Fatakwal sun daɗe ba sa aikin kirki. Saboda haka sai a sayo tataccen mai daga waje da dala, a sayar mana a ƙasa da kuɗin da aka sayo shi, gwamnati ta cike giɓin. A 2022 kaɗai, kamfanin mai na ƙasa ya ce cikon nan ya ci sama da naira tiriliyan 4. Ga shi kuma wani ɓangare na man ba ya tsayawa a ƙasar, 'yan sumoga suna tsallakawa da shi Nijar da Binin da Kamaru, inda ya fi tsada. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jibiya ko Maigatari ya ga jarkoki da idonsa.

To, in haka ne, masu cewa a cire suna da hujjarsu. Amma mu ma muna da tamu. Babana yakan ba mu labarin 1994, lokacin da Janar Abacha ya mai da lita naira 11, aka kafa asusun PTF, mutane suka ga tituna da magunguna a asibiti da tambarinsa a jiki. Ni kuma na ga Janairun 2012 da idona, da Shugaba Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141, aka yi ta zanga-zanga har ta dawo 97. Talaka ba ya ƙin a ce ya yi haƙuri. Abin da yake tambaya shi ne, kuɗin da aka rage ina suka nufa? Kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru bayan cire tallafin, wannan gaskiya ne. Ashe ke nan tambayar ba ta shugaban ƙasa kaɗai ba ce, har da gwamna da ciyaman da kansilan da muka zaɓa da hannunmu.

Sai kuma wata ta biyo baya. A Yunin 2023 aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kekena daga Indiya aka kawo shi, taya da bakin mai da kayan gyara duk dala ce a bayansu. Mai keken da nake kai wa balas kowace yamma shi ma ya ƙara. Ban ga laifinsa ba, shi ma iyali gare shi.

Wani dare na zauna da uwargida muka baje lissafi a tabarma. Ya fito fili, in ban ninka kuɗin kai yaran nan ba, to daga aljihuna nake zuba mai. Iyaye huɗu na san za su yi ƙorafi su biya. Amma mai awara fa? Waken suya ya tashi, man gyaɗa ya tashi, itace ya tashi. Na ce, "Maman yara, gobe zan gaya mata ta nemi wani." Ta yi shiru, sannan ta ce, "Malam, wani wa? In ka sauke su, talla za su koma." Ban yi barci sosai ba a daren nan.

Da gari ya waye na tara iyayen nan huɗu a ƙofar gidana, na karanta musu lissafin tiryan-tiryan, ban ɓoye ko kwabo ba. Na ce kujerar marayu biyu ni zan ɗauki rabin ƙarin, ko akwai mai ɗaukar saura? Ɗaya ya ce shi ma da ƙyar yake, na kuma yarda da shi. Uku suka raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. A Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000, amma ni da mai awara ba mu da albashi. Ranar 1 ga Agusta, 2024, aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, ɗana babba ya ce zai je. Na ce masa kukansa gaskiya ne, amma ya zauna. Kafin dare an fasa wurare, an rasa rayuka, an sa dokar hana fita a Kano. Har yau ina tambayar kaina, in kowa ya zauna kamar yadda na zaunar da shi, wa zai faɗa wa shugabanni? Kafin ƙarshen shekarar lita ta wuce naira 1,000 a gidajen mai da yawa, muka sake zama muka sake rabo.

Abin da nake so ku riƙe, ya ku ɗalibai, shi ne lissafin da ake koya muku ba na cin jarrabawa kaɗai ba ne. Ku tambayi iyayenku nawa ne mudun masara bara, nawa ne bana, ku rubuta. Ku tambayi dalili. Wanda ya iya lissafin gidansu, gobe shi ne zai iya tambayar kansila lissafin mazaɓarsa, cikin ladabi, ba da jifa ba. Ku kuma iyaye, kowa ya duba layinsu, akwai yaron da ya daina fitowa da jaka da safe?

Marayun nan biyu suna nan, babbar ta shiga ajin ƙarshe na firamare. Jiya a cikin keke take gaya mini wai ta fi kowa iya lissafin rabawa. Na ce Allah Ya yi albarka.