Abin da Landan take nunawa kyauta

Duk wanda ya taso daga Kumasi da sidi a aljihunsa, da zarar ya canza su zuwa fam zai ga dukiyarsa ta koma kamar gishiri a cikin ruwa. Mu huɗu muka raka maigida, dattijon unguwarmu, duba lafiyarsa, kuma kuɗin da ke hannunmu amanar jama'a ce, an tara su domin magani da masauki. Tikitin shiga tsohuwar ganuwar da ake ajiye kambin sarautar Ingila ya haura fam 30 ga mutum guda. Muka dubi juna, muka ce wannan ba namu ba ne.

Sai dai birnin yana da wata ɗabi'a: manyan gidajen tarihinsa na ƙasa ba sa karɓar ko kwabo a bakin ƙofa. Ƙafa kawai ake bukata, da takalmi mai juriya, da gorar ruwa.

Mun fara da babban ɗakin karatu na ƙasa, kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross. A nan muka tarar da juzu'i ɗaya na Alƙur'anin Sultan Baibars, wanda aka rubuta a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, juzu'i bakwai, kowane harafi da ruwan zinariya. Mu da muka koyi rubutu da tawada da alƙalamin gamba a kan allo, mun fi kowa sanin abin da hannun nan ya sha. Maigida ya daɗe tsaye da sandarsa yana bin ayoyin da leɓɓansa, bai ce uffan ba. A gidan tarihi na Victoria da Albert kuwa akwai dardumar Ardabil ta ƙasar Farisa, mai tarihin shekara ta 946 bayan Hijira. Minti goma kawai ake haska ta a kowane rabin sa'a don kada launinta ya koɗe, saboda haka sai mutum ya zauna ya jira ta kamar mai jiran fitowar sarki. Juma'a muka yi ta a babban masallacin da ke gefen lambun Regent, muka ci guzurinmu a kan ciyawa.

Inda kallon ya yi mana nauyi shi ne gaban zinariyar Tonawa. A 1874 rundunar Wolseley ta shiga Kumasi, ta kwashe kayan fadar Kofi Karikari, ta rushe ta. Ba mu iya tsayawa a wurin kamar 'yan kallo kawai ba, domin a cikin sojojin da suka yi wa Turawa wannan yaƙi akwai Hausawa, ƙarƙashin Kyaftin Glover. Mu da muke zaune lafiya a ƙasar Asantehene, muna kai masa gaisuwa, ba kasafai muke tayar da wannan zance a zango ba. Ƙaraminmu ya ce ashe wannan kyauta an riga an biya kuɗinta tun tuni. Maigida ya ce masa ya rage murya, amma bai ce ya yi ƙarya ba.

A 2024 gidajen tarihin Landan biyu sun mayar da guda 32 daga cikin kayan zuwa fadar Manhyia, da sunan aro na shekara uku. Da muka dawo gida mun je mun gan su, muka yanki tikiti a ƙofa, kowa daga aljihunsa.