Bashin Da Unguwa Ke Bin Mai Shayi A Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar ruwan zafi. Garin yana zaune ne bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma idan hunturu ya kankama ma'aunin zafi yakan sauko kusa da digiri 10 da asuba. Baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri da 'yar taguwarsa, kafin a kira assalatu zai ga haƙoransa suna kaɗawa ba da izininsa ba. Saboda haka a nan shayi ba abin marmari ba ne, abinci ne, kuma mai sayar da shi yana da matsayin da takwaransa na garuruwan zafi bai samu ba.

Wannan sanyi shi ne ya tarbi dubban leburorin da suka hawo dutse neman kuɗi tun farkon ƙarni na 20, sa'ad da kamfanonin Turawa suka dira a kan kuzar ƙasar Birom da Anaguta da Afizere. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya biyo baya a 1927, suna kwaso mutane daga Kano da Katsina da Barno da Kudu. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, har aikin tilas aka ɗora wa talakawan lardunan Arewa a ramukan kuza, kuma da yawansu sanyi da yunwa suka yi ajalinsu. Gari ne, watau, wanda gwagware da baƙi suka cika shi tun yana jariri, mutanen da ba su da uwargidan da za ta dama musu kunu da safe. Irin wannan gari kuwa dole ya haifi masu dafa wa jama'a a bakin titi.

Idan mai karatu yana son ya ga sana'ar da idonsa, to, ya taso daga shataletalen Taminus bayan sallar isha'i, ya bar kangon babbar kasuwar nan da gobara ta cinye a watan Fabrairu na 2002 a bayansa, ya bi ta Titin Masallacin Juma'a, ya ɓulla Titin Bauchi wajen tasha. Ba zai yi tafiyar kirki ba tare da ya ci karo da teburi ba. Fasalinsu kusan ɗaya ne: gwangwanayen madara da na Bournvita an jera su kamar ginin soro, burodi an tsara shi a gefe, kiret ɗin ƙwai, katan ɗin Indomie, kaskon suya, sa'an nan uwa uba babbar tukunya tana tafasa da citta da kanumfari. Benci biyu ko uku sun kewaye. Wannan ya ce, "Malam, haɗa mini mai kauri," wancan dattijo kuma ruwan bunu kawai yake so, ba madara. Mai shayi ya ɗaga kofi sama ya sheƙa a ɗaya, ya mayar, ko ɗigo bai zuba ba.

Akwai kuma sababbin gidajen shan gahawa irin na Turai a wajejen Rayfield, masu kujerun alfarma da intanet, inda kofi guda yakan ci kuɗin karin kumallon magidanci da iyalinsa. Ba su nake nufi ba. Wanda unguwa ta sani, ta kuma san wurin zamansa, shi ne mai teburi.

Shi wannan mutum, in an duba, da kayan jama'a yake kasuwanci. Bakin titin da ya kafa teburinsa ba gadonsa ba ne. Kwatar da yake zuba ruwan wanke-wanke ta kowa ce, iskar da hayaƙinsa ke shiga ita maƙwabta ke shaƙa, surutun majalisarsa kuma har sha biyun dare yana shiga ta tagogin mutane. Wanda ya ci moriyar unguwa haka, ai unguwa tana binsa bashi. Abin tambaya shi ne ko yana biya.

A gaskiya akwai ɓangaren da yake biya har da gyara. Kusan kowane mai shayi yana da littafin bashi, ko a takarda ko a ka. Ɗalibin Jami'ar Jos da kuɗin gida bai iso ba, da direban Keke Napep da yau bai yi ciniki ba, da ma'aikacin da albashi ya yi wa nawa, duk sukan sha su tashi da "sai gobe, Malam," kuma ba banki a ƙasar nan da zai ba su rance a kan wannan jingina. Gutsuren burodi da ƙanzon taliya na almajirai ne. Fitilarsa sau da yawa ita kaɗai ce ke ci a layin idan an ɗauke wuta, kuma ɓarawo ba ya son layin da mutane goma ke zaune ido biyu. A wurinsa ake barin saƙo da makulli, a wurinsa baƙo yake tambayar gidan wane. An ce a birnin Napoli na ƙasar Italiya akwai al'adar mutum ya biya kuɗin gahawa biyu ya sha ɗaya, ya bar ɗayan ga wanda ba shi da hali, har marubuta suna ta yabawa. Mu a nan Alhaji ne zai miƙa kuɗi ya ce a ba yaran nan shayi, ya wuce abinsa, ba mai rubutawa.

Amma fa akwai wani abu da bencin mai shayi yake yi a Jos da can, wanda yanzu ya ragu ƙwarai, kuma rashinsa ya fi kowane rashi ciwo. Dattawan garin, Musulmi da Kirista, suna ba da labarin zamanin da ba a tambayar sunan mutum kafin a matsa masa wuri. Makanike Ibo, da Bahaushe mai kayan gwari, da ma'aikacin gwamnati Birom, da tela Bayarabe, kofi ɗaya ke zagaya su, musu kuwa bai wuce na ƙwallon Mighty Jets ba. Sai rikicin ranar 7 ga Satumba, 2001 ya zo, aka yi asarar rayuka kimanin 1,000 cikin mako guda. Na Nuwamba 2008 ya biyo, sa'an nan na Janairu 2010. Kowanne ya lafa sai ka ga motocin kwasar kaya, kowa yana komawa inda masu addininsa suka fi yawa. A yau ba wanda zai gaya maka da baki, amma ƙafarka ta san inda Unguwar Rogo ta ƙare da inda Unguwar Rukuba ta fara, kuma mutane ƙalilan ne ke tsallakawa bayan magariba. Shayi kuwa sana'ar dare ce da asuba. Da rana ana haɗuwa a kasuwar Farin Gada da Katako, domin ciniki ba ya tambayar addini, amma hirar dare kowa da nasa yake yi.

To, a nan nauyin mai shayi ya ƙaru ba tare da an shawarce shi ba. Bencin da duk mazaunansa bakinsu ɗaya, ƙarya ba ta samun mai tare ta. Wani zai zaro waya ya nuna hoton gawa, ya ce yanzu-yanzu aka yi a unguwa kaza, alhali hoton na wata ƙasa ne ko na shekaru biyar da suka wuce, kafin tukunya ta sake tafasa labarin ya kai layi uku. Mai teburi shi ne mai gida a wannan wuri. Yana da ikon da ɗan sanda ba shi da shi, watau ya ce, "Samari, ba a wannan magana a teburina." Na zauna a inda ake faɗin haka, na kuma zauna a inda mai shayin ne da kansa yake ƙara gishiri. Kuma ko don kansa ya kamata ya tsawata, domin duk ran da aka kafa dokar hana fita, kamar ta watan Agusta na 2021, shi ne farkon wanda tukunyarsa ke hucewa. Gwamnatin Jihar Filato ta kafa hukumar gina zaman lafiya a 2016, tana tara sarakuna da malamai da fastoci a manyan zauruka. A ganina da za ta riƙa gayyatar masu shayi, da ta sami mutanen da suka fi kowa sanin abin da matasa ke faɗa idan manya ba sa nan.

Sai batun wuta. Tukunyar da ba ta hucewa daga asuba zuwa hantsi, daga la'asar zuwa tsakar dare, cin makamashi gare ta. Risho ya kwanta tun da kananzir ya fi ƙarfin talaka. Da yawa sun koma tukunyar gas, amma tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur da faɗuwar Naira a 2023 ta mai da wasu ga kurfoti da gawayi. Kafin a sami kilo ɗaya na gawayi ta hanyar binne itace a rami, sai an ƙone kilo biyar zuwa goma na itace. Filato kuwa ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya: sansanonin kuza sun aske itatuwan tsaunin, shi ya sa aka dasa bishiyoyin turaren nan da matafiyi ke gani jere a kan tsibin ƙasar tsofaffin ramuka wajen Bukuru. Gawayin yau daga nesa yake zuwa, daga dazuzzukan maƙwabta irin na Jihar Bauchi. Ban ga laifin talakan da ya zaɓi abin da aljihunsa zai ɗauka ba. Wannan lissafi na masu tsara farashi ne.

Inda ba ni da uzurin da zan ba shi shi ne shara. Kakanninmu a wannan sana'a kofin tangaran ko na silba suke ba mutum, ya sha ya mayar, burodi kuma a takarda. Yanzu komai ya zo da rigarsa ta leda. Ledar Indomie da 'yar ledar magin da ke cikinta, ledar madara, ledar Milo, ledar fiya wata, ledar burodi, har shayin kansa ana ƙulla shi da zafinsa a farar leda a kai wa na gida. Mutum ɗaya ya karya kumallo ya bar leda biyar ko shida. Da gari ya waye yaron shago ya sa tsintsiya ya tura su duka cikin kwata, gaban teburi ya yi fes, shi ke nan a wurinsa an yi tsafta.

Ita kwatar ba ta cin leda. Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma gari ne mai gangare, duk abin da aka zuba a magudana Kogin Dilimi ya nufa. Wanda ya tsaya a kan gada ya leƙa da rani zai ga duwatsun kogin sun yi rawani da baƙar leda. A watan Yuli na 2012, bayan wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ta hallaka mutane fiye da 30, ta rushe gidaje wajen 200. Ba ina cewa masu shayi ne suka jawo ta ba; gine-gine a bakin kogi da sharar gari baki ɗaya suna ciki. Amma mutanen da ruwan ya ci su ne masu zama a bencinsa. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya a 2017, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci a 2024. Mai shayin Jos ba sai ya jira doka ba: buhu guda a ƙarƙashin teburi ya isa.

Haka nan bokitin wanke kofi. Ruwan da 'yan garuwa suka kawo da tsada, sai ka ga bokiti ɗaya ya wanke kofunan dare guda har ya koma kalar shayin. A garin da amai da gudawa ya yi ɓarna a 2021, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne, alhali maganin yana tafasa a gefensa. Masu lura a cikinsu sukan ɗauraye kofi da ruwan tukunya a gaban mai sha, kuma ba a banza benci nasu yake cika ba. Hukumar tsaftar muhalli ta jiha, PEPSA, da duba-gari na ƙaramar hukuma, da za su duba bokiti da buhun shara kafin su duba rasiti, da an ce sun yi aiki.

Wani abin sha'awa kuma, rabin sharar mai shayi dukiya ce a wannan gari. Manoman rani da ke bakin Dilimi da kududdufan kuza, masu noma kabeji da karas da latas da ake lodawa zuwa Kudu, sun daɗe suna sayen sharar gari da tokarta suna zubawa a gona maimakon takin zamani. Tokar gawayi, da ɓawon ƙwai, da tukar ganyen shayi, da ɓawon albasa, duka abin da ƙasa ke so ne. Abin da ke ɓata musu wannan taki shi ne leda, wadda sai an tsince ta ko an ƙone ta kafin a watsa. Gwangwanin madara dama 'yan bola jari suna biyan kuɗi su ɗauka. Da mai shayi zai ajiye buhu biyu, ɗaya na gona ɗaya na leda, da manomin Farin Gada ya zo har teburi ya ɗauki nasa, ya kuma sha shayi kafin ya tafi. Ledar da ta kuɓuce kuwa tafiya ce mai nisa a gabanta, domin Dilimi shi ne ke gangarawa ƙasar Bauchi ya zama Kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja, su nufi Tafkin Chadi.