Zomon Malam

A ƙasar Hausa ba kasafai ake barin zomo ya tsufa ba. Wanda ake kiwo a gida, da zarar ya yi 'yan watanni ya tara nama, sai wuƙa ko kasuwa. Na daji kuwa, karnukan farauta da dila da shaho ba sa ba shi dogon wa'adi. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke zaton iyakar rayuwar zomo shekara biyu ce ko uku, alhali kuwa zomon gida, in ya sami kulawa, yakan kai shekara 8 zuwa 12. Wata tsohuwar malamar firamare da ke Tudun Wadan Zariya ita ma ba ta san haka ba, sai da ƙaddara ta bar mata guda ɗaya a hannu.

Maigidanta ne mai kiwon. Bayan da ya yi ritaya sai ya kafa keji shida a bayan ɗakin girki, yana samun na cefane daga cikinsu. A cikin zomayen akwai wani fari mai baƙin kunne guda, wanda tun yana ƙarami Malam ya saba fito da shi ya ajiye kusa da tabarmarsa a gindin darbejiya yayin da yake sauraren rediyo. Da Allah ya yi wa Malam rasuwa, aka zo rabon gado, aka yi wa zomaye kuɗi za a sayar, sai Hajiya ta ce a sa mata wannan ɗin a cikin tumuninta. Wasu suka yi dariya a ɓoye, amma aka ba ta. Jikokinta suka raɗa masa suna Dattijo, tun kafin sunan ya dace da shi.

A hunturun shekararsa ta takwas ne al'amura suka fara canjawa, kuma a hankali suka canja, ta yadda ba mai iya cewa ga ranar da abin ya soma. Da farko ya daina hawa dakalin ƙofar ɗakinta, inda yakan kwanta da hantsi. Daga baya ya bar tsallen nan da zomaye ke yi suna murɗa jiki a sama idan suna cikin nishaɗi. Sai ya koma yini a lungu guda, ya dunƙule, ido a lumshe. Hajiya ta ɗauka lalacin tsufa ne, domin ita ma ta rage zirga-zirga. Abin da ya tayar mata da hankali shi ne ranar da ta ɗaga shi ta tarar gashin ƙasan wutsiyarsa ya cuɗe da ƙazanta, fatar cinyoyinsa ta yi ja saboda fitsari, ga kuma wani kashi mai laushi da wari a warwatse a inda ya kwana. Ta yanke hukuncin cewa zawo ne. Aka aiki babban jikanta wani kemis, ya dawo da ƙwayoyin amoksilin da farasitamol a ƙulle cikin leda, da umarnin a jiƙa a ɗura masa.

Ba ta ɗura ba. Shekara 35 ta yi tana koyarwa, kuma a tsawon wannan lokaci ba ta taɓa bai wa ɗan wani maganin da ba ta san kansa ba. Ta ajiye ledar a kan taga, ta ce sai gobe.

Da daddare ɗanta na fari, wanda ba ta ambatar sunansa, ya shigo gaishe ta, ya ji labari. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Hajiya, ni da za ki yarda, da an yanka shi ya huta, ke ma ki huta. Zomo ne fa. Mutane ma suna fama da kuɗin magani."

Ta ce, "Na ji. Amma ka bari in san abin da ke damunsa tukuna. In na sani, ko yankawar ce sai a yi ta da hujja."

Ba za a ce maganarsa ba ta da tushe ba. A garin da majinyaci ke raba ƙwayar magani biyu don ta kai shi ƙarshen wata, kai zomo asibiti abu ne da ke neman bayani, kuma ita kanta ta san da haka. Washegari dai ta sa shi a kwali, ita da jikan suka hau Keke Napep zuwa asibitin dabbobi a Samaru.

Suna shiga yaron ya sa hannu ya kamo kunnuwan zomon zai ɗago shi, kamar yadda ya ga ana yi a kasuwa. Likita ya yi wuf ya tare shi. Ya nuna masa yadda ake yi: hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, a manna shi a jiki. Ya ce ƙasusuwan zomo gaba ɗaya ba su wuce kashi 8 cikin 100 na nauyinsa ba, ga shi kuma da ƙafafun baya masu ƙarfin gaske, don haka in ya yi harbi yana reto a sama yana iya karya bayansa da kansa. Da aka nuna masa ledar magani sai ya girgiza kai. Ya ce, "Hajiya, Allah ne ya tsare. Amoksilin da danginsa, in aka ba zomo ta baki, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsa, masu guba su yi yawa. Da yawa ba sa tashi."

Bayan ya lallatsa gaɓoɓin, ya duba haƙora, an kuma ɗauki hoton ƙashi, sai ya ce ba zawo ba ne. Amosanin gaɓɓai ne, wato abin da ake kira sanyin ƙashi, ya kama gwiwoyi da ƙugu da ƙashin baya. Guringuntsin da ke hana ƙashi gogar ƙashi ya zaizaye. Shi kuwa kashin nan mai laushi, ba alamar ɓacin ciki ba ne. Kowane zomo lafiyayye yana fitar da kashi iri biyu: busasshe mai kama da ƙwallo, wanda kowa ya sani, da kuma mai laushi wanda yake lanƙwasawa ya karɓa da baki tun daga mafitarsa ya haɗiye, galibi da dare ko da asuba, domin a cikinsa yake samun wasu sinadaran gina jiki da bitamin. Shi ya sa mai kiwo yana iya shekaru bai taɓa ganinsa ba. Dattijo ya kasa lanƙwasawa ne saboda ciwon baya, abincin nasa ya zama ƙazanta a jikinsa.

Hajiya ta ce, "To Likita, ai ban taɓa jin ya yi kuka ba."

A nan ne fa gizo ke saƙar. Zomo abin farauta ne tun asalinsa, kuma a daji wanda ya nuna rauni shi ake fara ɗauka. Saboda haka halittarsa ce ya ɓoye ciwo. Kare yakan yi kuka, akuya takan cika unguwa da ihu, amma zomo sai ya yi tsit. Bahaushe ya lura da barcin zomo, ido buɗe, har ya mai da shi abin misali. To haka jinyarsa take, ba ya sakin jiki a gane. A shekarar 2012 wasu masana a Jami'ar Niyukasul ta Ingila suka wallafa wani ma'auni na gane zafin ciwo daga fuskar zomo. Abubuwa biyar ake dubawa: runtsewar ido, shafewar kumatu, tsukewar hanci, sandarewar gashin baki, da yadda kunnuwa ke naɗewa su kwanta baya. Likitan ya ƙara mata da wasu: zaman dunƙule, rage cin abinci, barin gyaran jiki, da gurza haƙora da ƙarfi, wanda ya sha bamban da 'yar taunar nan mai taushi da zomo ke yi in ana shafa shi yana jin daɗi.

Wannan bayani bai zo mata a baƙo ba. Ta tuna cewa a aji, yaron da ke kuka ba shi ne ke ba ta tsoro ba, domin ya riga ya faɗi damuwarsa. Wanda ke zaune a kujerar baya, bai yi fitina ba, bai ɗaga hannu ba, har malami ya riƙa yaba masa da natsuwa, shi ne sau da yawa ake tarar bai karya kumallo ba ko kunnensa na zubar da ruwa. Abin da ya dame ta a hanyar komowa gida shi ne wata nawa ta yi tana yaba wa Dattijo da natsuwa.

Likita ya rubuta maganin rage zafi da kumburi mai suna meloksikam, na ruwa, a riƙa ba shi kullum ta gefen baki da sirinji marar allura. Ya auna shi a sikeli kafin ya ƙayyade adadin, ya kuma gargaɗe ta kada ta kwaikwayi awon kare ko na mutum, domin jikin zomo yana sarrafa maganin ta wata hanya dabam. Ya ce irin wannan magani yana iya taɓa ƙoda, musamman ga tsohuwar dabba, saboda haka kada a ba shi in ya daina ci ko shan ruwa, kuma a riƙa dawo da shi ana duba jininsa. Bai ɓoye mata ba cewa ciwon ba ya warkewa. Sassautawa kawai ake yi.

Maganin ya yi aiki, amma mafi yawan aikin a tsakar gida aka yi shi. Abu na farko, aka raba shi da kejin waya. Tafin ƙafar zomo ba shi da tsokar nan mai taushi irin ta kyanwa, gashi ne kawai a kan fata, kuma dabbar da ta yini a wuri guda a kan waya sai dugaduganta su yi gyambo. Ta share masa wani lungu a baranda, ta shimfiɗa buhunan algarara biyu da tsohon bargo, ta ɗora busasshiyar ciyawa, tana canja duk abin da ya jiƙe safe da yamma. Simintin tsakar gida yana da santsi, ƙafafunsa na baya suna zamewa, sai ta jera tsofaffin tabarmi daga lungun har gindin darbejiya, domin likita ya ce zama wuri ɗaya yana ƙara sandarar da gaɓa. Ta sa kafinta ya yi ɗan gangare na katako zuwa dakali. Kwanon ruwa da na abinci ta matso da su inda zai kai ba tare da miƙa wuya ba. Ta rage masa dusa, ta ƙara ciyawa da ɗanyen ganye, saboda ƙiba nauyi ce a kan gwiwa, kuma haƙoran zomo ba sa daina tsiro, na gaba sukan ƙaru da kusan milimita 2 a mako, taunar ciyawa ce ke rage su.

Sai kuma abin da ya kasa yi wa kansa. Kowace safiya takan wanke masa ƙasan wutsiya da ruwa mai ɗumi, iyakar wurin da ya ɓaci, ba ta tsoma shi gaba ɗaya, sa'an nan ta tsane shi sarai. Wannan ba don tsabta kaɗai ba ne: ƙuda yana yin ƙwai a jiƙaƙƙen gashi, kuma a lokacin zafi kafin kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin fata. Takan goge masa kunnuwa, tunda ƙafar da yake susa da ita ba ta kai wa, ta kuma rage masa farce. Kashin nan mai laushi, in ta tarar da shi sabo, takan ɗebo a ganye ta miƙa masa. Ranar farko da jikokin suka ga ya cinye, sai da suka watse da ihu.

Sanyi da zafi kowanne da nasa sharrin. Da hunturu yakan tashi a sandare, sai ta naɗe kwalbar ruwan ɗumi a tsumma ta ajiye gefensa. Bazara ta fi haɗari, domin zomo ba ya gumi kamar mutum, ta kunnuwa yake rage zafin jiki, kuma zafin Zariya a watan Afrilu ya isa ya kashe shi. Shi da kansa ya samo dabara: ya koma kwanciya a jikin randa, inda ƙasa ke da danshi.

A cikin bazarar ne ya kwana bai taɓa abinci ba, kuma ba kashi ko ɗaya a shimfiɗarsa. An riga an gaya mata cewa hanjin zomo ba ya son tsayawa, in ya yi kamar awa 12 bai ci ba to maganar gaggawa ce. Ba ta jira gari ya gama wayewa ba ta buga wa ɗanta waya. Shi da ya ce a yanka, shi ya zo da mota ya kai su Samaru, bai ce uffan ba. Aka yi wa zomon ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata, aka dakatar da meloksikam na 'yan kwanaki aka ba shi wani, ita kuma ta yi kwana uku tana ɗura masa niƙaƙƙen ganye da sirinji kaɗan-kaɗan. A rana ta huɗu ya jawo ganyen karas da kansa.

A hanyar dawowa daga asibiti a karo na biyu ɗan ya sake tayar da maganar, amma da wata murya. Ya ce, "Hajiya, yaushe za ki san ya isa haka? Kada fa ya zama don Baba kike riƙe da shi, shi kuwa yana shan wuya."

Ta daɗe ba ta amsa ba, domin tambayar ta taɓa inda take tsoro. Da suka isa gida ta ɗauko wani tsohon littafin rajista da ya rage mata tun tana aiki, ta ja layuka. Kowace rana tana da gurbi huɗu: ya ci, ya yi kashi, ya taka zuwa darbejiya, ya gyara fuskarsa da ƙafafun gaba. Ranar Juma'a takan ara sikelin maƙwabciyarta mai sayar da fulawa ta rubuta nauyinsa. Ta gaya wa ɗan, ta kuma maimaita a gaban likita, cewa duk lokacin da ranakun da babu maki suka rinjayi masu maki, ko ya kasa tashi daga cikin fitsarinsa, to ba za ta ƙara ja ba, za ta kai shi a sauƙaƙe masa. Naman dai ba mai ci, saboda maganin da ya sha. A gindin darbejiya za a haƙa masa rami.

Yanzu Dattijo yana cikin shekararsa ta goma. Bai sake yin tsalle ba, kuma nauyinsa ya ragu daga kilo 3 zuwa 2.6. A shafin makon jiya akwai rana biyu da gurbin tafiya ya zauna fayau. Ran Asabar kuwa da hantsi ya bi tabarmi a hankali, yana jan ƙafar hagu, ya tsaya sau biyu a hanya, ya hau gangaren katako ya kwanta a kan dakali. Hajiya ta sa tabarau, ta buɗe rajista, ta ba shi maki.