Sabuwar Taya a Hanyar Musawa

Shi dai malamin nan, mutumin Musawa, bai taɓa yarda a kira Peugeot 504 ɗinsa tsohuwa ba. Hujjarsa kullum ita ce, irinta ce ta lashe tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna.

Da ya sayar da audugarsa a Funtuwa, sai ya yi mata sababbin tayoyi huɗu. Mai faci ya ɗura iska ba geji, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce, "Ranka ya daɗe, sun cika tam."

To, bazara ce. Kwalta ta ɗau zafi, iskar da ke ciki ta daɗa kumbura, har ya zamana tsakiyar tayar kaɗai ke taɓa ƙasa. Ga kuma santsin sabuwar roba da ba ta goge ba tukuna. Sitiyari ya yi sakayau a hannunsa, shi kuwa, da yake mai son abinsa ne, ya ɗauka lafiyar mota ce. Bayan Malumfashi ya sha wata kwana mai tsakuwa, sai bayan motar ya zame, ta yi cikin gona. Uwargida na salati, yara na kuka.

Wani tsohon direba ya tsaya, ya danna taya, ya girgiza kai. Ya ce a bari su huce, sannan ya rage iskar da gejinsa.

Har suka isa Musawa uwargida ba ta ce masa uffan ba.